"Jajayen Ƙuraje" a Baƙar Fata: Inda Rubuce-rubucenmu Kan Cutar Zosta Ke Tuntuɓe

Makonni kaɗan bayan Babbar Sallah, gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta fara kukan ciwo a haƙarƙarinta na dama. Ta ce kamar an ɗora mata garwashi a ƙarƙashin fata, can kuma sai ta ji kamar ana tsira mata allura. Aka duba wurin, babu komai, fata lafiya lau. Mai kemis na bakin layi ya ce olsa ce, ya haɗo mata magani. A rana ta uku sai ga ƙuraje sun feso, ƙanana masu ruwa, a cure wuri guda, sun taso daga tsakiyar baya sun biyo haƙarƙari zuwa ƙasan ƙirji. Wata maƙwabciya ta ce fitsarin gizo-gizo ne. Wata kuma ta rage murya ta ce a dai nemi taimako, domin idan abin ya zagaye ya haɗe, to sai dai haƙuri.

'Yar gwaggon, wadda ba ta rabo da waya, ita ce ta yi abin da kullum muke roƙon mutane su yi: ta nemi bayani. Ta kuwa samu, da Hausa, a ɗaya daga cikin rubuce-rubucen lafiya da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Rubutun ma a kan ainihin cutar da ke damun mahaifiyarta yake. Ta karanta, ta ga an ce babbar alamar cutar ita ce jajayen ƙuraje. Ta ɗaga rigar uwar ta duba, ba ta ga ja ba. Sai ta ce a'a, ba wannan ba ce, ta wuce. Sai a rana ta shida da fitowar ƙurajen aka kai Gwaggo asibiti, kuma likita bai fi minti ɗaya yana dubawa ba ya faɗi sunan cutar.

Wannan ne ya sa na zauna na bi irin waɗannan rubuce-rubuce ɗaya bayan ɗaya. Ni ba likita ba ne, ƙwayoyin cuta nake nazari a digiri na biyu, don haka abin da zan faɗa game da magani ba takardar likita ba ce. Amma na san hannun fassara idan na gan shi, domin ni ma na sha yi. Kusan duk abin da na karanta an ɗauko shi ne daga shafukan lafiya na Amurka ko Ingila, aka juya shi zuwa Hausa jimla bayan jimla. Ba ƙarya suke yi ba fa. Abin da suka faɗa gaskiya ne, sai dai gaskiyar an ɗinka ta ne daidai jikin wani dattijo farar fata da ke da likitansa da inshorarsa. Da aka kawo ta nan, ba a rage hannu ba, ba a ƙara tsawo ba.

Kafin suka, a ba su haƙƙinsu. Sun kawo asalin cutar daidai. Bairos ɗin da ke haddasa ƙaranbau shi ne dai ke haddasa wannan. Idan yaro ya warke daga ƙaranbau, bairos ɗin ba ya barin jiki. Yana lallaɓawa ta jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ji daga fata, ya je ya kwanta a wasu 'yan dunƙule na jijiya da ke jere a gefen laka da kuma cikin kai. Can zai yi shekara ashirin, arba'in, sittin, garkuwar jiki ta danne shi. Ranar da garkuwar ta yi sanyi, saboda tsufa ko wata cuta ko wani magani, sai ya farka ya biyo jijiyar nan guda ɗaya ya dawo fata. Wani likitan ƙauye a Ingila mai suna Edgar Hope-Simpson ne ya daidaita wannan bayani a 1965, bayan ya shekara 16 yana bin marasa lafiyar garinsu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a can mutum ɗaya cikin uku zai yi cutar a rayuwarsa.

Sai dai marubutanmu sukan kawo wannan bayani a matsayin tarihi kawai, su wuce, alhali shi ne mabuɗin gane cutar. Kowace jijiya daga cikin waɗannan tana da gonarta a fata, kuma gonar ba ta ƙetare tsakiyar jiki. Ta dama tana kula da dama, ta hagu tana kula da hagu. Shi ya sa ƙurajen ke fitowa a gefe ɗaya, su yi layi kamar rabin ɗamara, su ja birki a tsakiyar baya da tsakiyar ƙirji kamar an shata musu iyaka. Sunayen cutar ma daga nan suka fito. Zosta kalmar Girkanci ce mai nufin ɗamara. Turawan Ingila na cewa shingils, daga wata kalmar Latin mai wannan ma'ana. A asibitocin Nijar za ka ji ana cewa zona, Larabawa kuma suna ce mata ɗamarar wuta. Da an yi wa maƙwabciyar Gwaggo wannan bayani, da ta san cewa maganar zagayewa ta haɗe ba ta ma taso ba, kuma mai tofi ko mai shafe-shafen da ya ce shi ya tsayar da ita a tsakiya, ya karɓi ladan aikin da jijiya ta yi ne.

To, mu dawo kan ja. A farar fata, kumburi ja yake fitowa, domin jinin da ya taru a ƙasa ana hango shi. A fatarmu, launin fatar kan rufe wannan jan. Abin da ido zai gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko toka-toka, wani lokacin ma sai dai a shafa a ji ya tasa. Wannan ba matsalar masu fassara kaɗai ba ce. Wani nazari da aka buga a 2018 kan hotunan da ke cikin manyan littattafan koyar da likitanci a Amurka ya gano cewa ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne ke nuna baƙar fata. A 2020 sai da wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, ya haɗa ɗan littafi na musamman don nuna yadda alamomin cututtuka ke bayyana a fata irin tamu. Idan a can an gane akwai giɓi, mu da duk masu karatunmu baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, mene ne uzurinmu na rubuta "jajayen ƙuraje" mu ɗora hoton bayan Bature?

Kuma ko da an gyara launin, jerin alamomin da ake kawowa a birkice yake. Ana fara shi da ƙuraje, sannan zazzaɓi, ciwon kai, gajiya, sai can ƙasa a ce zafi ko ƙaiƙayi. A jikin mutum ba haka abin ke zuwa ba. Ciwo ne ke yin sallama. Kwana biyu, uku, wani lokaci har biyar kafin a ga komai, wuri guda a gefe ɗaya zai riƙa zugi ko raɗaɗi, riga ma idan ta taɓa sai mutum ya zabura. A wannan tsakanin ne ake cewa olsa ce, ko ƙoda, ko ciwon zuciya, ko haƙori idan a fuska ne. Ba laifi ba ne a kasa ganewa a lokacin, likitoci ma yana rikita su. Amma wanda aka gaya wa cewa ciwon gefe ɗaya mai kama da ƙuna yana iya zama share fagen ƙuraje, zai riƙa ɗaga riga yana dubawa safe da yamma, kuma ranar da bororon farko ya fito ba zai tsaya jiran ganin ja ba. Zazzaɓi da ciwon kai kuwa, a ƙasar da kowane zazzaɓi maleriya ne har sai an tabbatar ba ita ba ce, ba su taimaka wa kowa wajen ganewa.

Akwai kuma abin da ba za ka taɓa samu a shafin Amurka ba, don haka babu shi a fassararmu: ƙwari. Da damina, akwai ƙwarin da ke bin hasken fitila, irin su hangara, waɗanda idan aka murƙushe su a jiki ruwansu kan ƙona fata ya tayar da bororo. Wannan shi ne abin da ya fi rikicewa da zosta a wurinmu, kuma ina zargin yawancin abin da ake kira fitsarin gizo-gizo ɗayan biyun nan ne. Bambancin ba shi da wuya. Ƙunar ƙwaro kwana ɗaya take fitowa, mutum ya kwanta lafiya ya tashi da ita, galibi a wurin da ke buɗe kamar wuya ko hannu ko fuska, sau da yawa a ja layi yadda aka goge ƙwaron, kuma babu ruwanta da tsakiyar jiki. Zosta kuwa ciwo ya riga ƙuraje, ƙurajen a cure suke rukuni-rukuni, sababbi na ci gaba da fitowa na 'yan kwanaki, kuma sau da yawa a ƙarƙashin tufafi suke. Sakin layi ɗaya ya isa a faɗi wannan. Ban ga wanda ya faɗa ba.

Batun magani nan ne na fi jin takaici. Abin da aka saba rubutawa shi ne a ga likita da wuri, akwai magungunan da ke taimakawa. Da wuri yaushe? A wurinmu wanda ya je asibiti bayan mako guda ai gani yake ya yi sauri. Lambar da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe ita ce awa 72, wato kwana uku daga fitowar ƙurajen farko. Dalili kuwa shi ne magungunan ba sa kashe bairos ɗin da ya riga ya bazu, hana shi hayayyafa suke yi. A kwanakin farko yake ta ninka kansa yana cin jijiya. Idan ya gama ɓarnarsa, kai masa magani kamar rufe ƙofa ne da ɓarawo ya riga ya fice da kaya. Duk da haka, wanda kwana ukun suka wuce masa kada ya ce shi ke nan. Idan sababbin ƙuraje na fitowa, ko abin ya shafi ido, ko garkuwar jikinsa mai rauni ce, likitoci na bayar da maganin ko bayan wannan wa'adi.

Wanda aka fi samu a nan shi ne asaikulobir, za ka ga an rubuta Acyclovir a jikin kwali. Ga babba mai lafiyar ƙoda, adadin da aka sani na zosta shi ne miligiram 800, sau biyar a rana, kwana bakwai. Na kawo lambar ne ba don kowa ya je ya saya da kansa ba, sai don a ga inda ake zamewa. Hanji kaɗan yake tsotsa daga wannan magani, shi ya sa ake shan mai yawa kuma a kai a kai. Idan ƙwayar mai miligiram 400 ce, guda 70 ke nan. Idan mai 200 ce, guda 140. Mutum ya je kemis, an ba shi kati ɗaya ko biyu an ce ya sha safe da yamma, ya dawo gida yana ganin ya yi magani, alhali ko kusa bai kai ba. Sau biyar ɗin kuma ana nufin duk bayan awa huɗu a lokacin da mutum yake farke, misali shida, goma, biyu, shida, goma. Kada a ce za a bi lokutan salla don su ma biyar ne, magariba da isha sun yi kusa da juna. Ana son shan ruwa sosai tare da shi, kuma tsofaffi da masu ciwon ƙoda dole likita ne zai daidaita musu adadi. Akwai ɗan'uwansa balasaikulobir da ake sha sau uku a rana, ya fi sauƙin bi, ya kuma fi tsada. Na shafawa kuwa, wanda ke cikin ɗan bututu, ba ya maganin zosta. Cutar a jijiya take, ba a saman fata ba.

Rubuce-rubucen ba su cika faɗin abin da bai kamata a yi ba, domin a inda aka ɗauko su babu mai yi. A nan kuwa ana fasa kafso ja da yalo a barbaɗa a kan bororo. Ana shafa man nan mai haɗi uku da ake sayarwa don kowace irin matsalar fata, wanda ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi da ke ƙara danne garkuwar wurin. Ana fasa ƙurajen da allura, ana shafa toka ko man goge baki. Maganin bakteriya ba ya taɓa bairos, ana bukatarsa ne kawai idan wurin ya kamu da wata cutar ya fara mugunya, kuma sau da yawa waɗannan shafe-shafen ne ke jawo hakan. Abin da wurin ke so kaɗan ne: a wanke da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe, a ɗora tsumma mai sanyi idan yana raɗaɗi, a sa tufafi mai sakewa, a sha maganin rage ciwo. Cikin kwana bakwai zuwa goma ƙurajen kan yi ɓawo, cikin mako biyu zuwa huɗu su washe.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda suka zarce. Na ga inda aka rubuta cewa shan magani da wuri yana hana ciwon jijiyar da ke biyo bayan warkewa. Da ma haka ne. Wannan ciwo shi ne mafi munin abin da zosta ke bari: fata ta warke, amma jijiyar da ta lalace tana ta aika saƙon zafi wata da watanni, wani har shekaru. CDC ta ce kashi 10 zuwa 18 cikin 100 na masu cutar kan same shi, kuma ya fi kama tsofaffi. Amma bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2014 ta nuna asaikulobir bai rage yawan masu samun wannan ciwo ba yadda za a iya dogara da shi. Abin da ya tabbata shi ne yana gaggauta warkewar ƙuraje, yana rage zafin kwanakin farko, yana kuma kare ido. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Ina faɗin haka ne don Gwaggo na cikin waɗanda ciwon ya zauna wa, kuma 'yarta ta daɗe tana ɗora wa kanta laifi. Ban da hujjar ce mata da an je asibiti a rana ta farko da hakan bai faru ba. Shi wannan ciwo maganinsa daban ne, farasitamol bai cika yi masa komai ba. Likitoci kan ba da irin su amitiriftilin ko gabafentin ko firegabalin, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali, kuma ba magungunan da za a saya a sha da ka ba ne.

Ido fa? Yawanci layi ɗaya ake ba shi a ƙarshe, cikin jerin matsalolin da ka iya biyo baya. Ni a ganina shi ya kamata a sa a sama. Tsakanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma na masu zosta, jijiyar da ke kula da goshi da ido ce ke kamuwa. Ƙuraje a goshi gefe ɗaya, fatar ido ta kumbura, musamman idan an ga ko da ƙurji ɗaya a kan tsinin hanci ko gefensa, wannan maganar asibiti ce a ranar, wurin likitan ido, domin ana rasa gani ta haka. Haka nan ƙuraje a cikin kunne tare da karkacewar baki ko jiri.

Sai babban shirun: cuta mai karya garkuwar jiki. Shafukan da ake fassarowa na cewa zosta cutar 'yan sama da shekara 50 ce, sai a ambaci masu raunin garkuwa a taƙaice. Amma a Afirka tarihin ya ɗan bambanta. A shekarun 1980, masu bincike a Kinshasa sun samu cewa kusan tara cikin goma na masu zosta da suka gwada suna ɗauke da ƙwayar HIV, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zosta cikin alamomin mataki na biyu na cutar. A kula, wancan wani zamani ne da wani wuri. A Najeriya, babban ƙidayar 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, don haka kada wani ya ga tabo a jikin maƙwabcinsa ya fara tsegumi. Ciwon suga na kawo ta, ciwon daji da magungunansa na kawo ta, haka ma ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake haɗawa da sitiroyid, wani kuma lafiyarsa ƙalau ta zo masa. Amma matashi ɗan shekara 25 ko 30 da ya yi zosta, balle idan ta kama wuri fiye da ɗaya ko ta sake dawowa, ya cancanci a ce masa ya yi gwajin HIV da na suga. Na fahimci dalilin da ya sa marubuci zai ji nauyin faɗi. Sai dai ga wanda ke ɗauke da ƙwayar bai sani ba, wannan na iya zama gargaɗin farko, a lokacin da magani zai fi yi masa amfani.

A maimakon wannan duka, me ake cika ƙarshen rubutu da shi? Rigakafi. A je a yi allurar Shingrix idan an kai 50. Allurar kam tana da kyau. An amince da ita a Amurka a 2017, sau biyu ake yi tsakanin wata biyu zuwa shida, kuma kariyarta ta haura kashi 90 cikin 100. Amma kowace guda kusan dala 200 ce a can, kuma ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnatin Najeriya ke bayarwa. Na ƙaranbau ma na yara ba ya ciki. A ambace ta don mai hali ya sani, ba laifi. Amma a ba ta sakin layi uku, a bar awa 72 babu ko ambato, wannan fassara ce da ba ta ɗaga kai ta dubi mai karatu ba.

Da ma wannan fili an ba wa maganar yaɗuwa, wadda ita ma ake yi mata gajeren bayani. Ba a ɗaukar zosta daga mai zosta. Abin da ake ɗauka daga ruwan ƙurajensa shi ne bairos ɗin, kuma wanda bai taɓa yin ƙaranbau ba, ƙaranbau zai yi. A ƙasashe masu zafi an lura mutane kan girma ba su yi ta ba fiye da a Turai, ga shi kuma ta fi tsanani ga babba, ga mai ciki, ga jariri sabon haihuwa. A gidajenmu kuwa kaka ce ke goyo, ita ke wankan jego, a ɗakinta jikoki ke kwana. Don haka a rufe ƙurajen da tufafi ko bandeji mara mannewa, a ware tawul da zanen gado, a wanke hannu, masu ciki da jarirai su ɗan ja baya har sai komai ya yi ɓawo. A gidan Gwaggo babu wanda ya san da wannan. Jikarta 'yar shekara huɗu da ke kwana a bayanta ta feso da ƙaranbau bayan mako biyu, mutanen gidan kuma suka ce ikon Allah, cututtuka biyu daban-daban sun shigo musu a wata ɗaya.